Yadda za ka bar tsohuwar kwamfutarka ka koma mai araha ba tare da ka yi asara ba

Idan kwamfutar tafi-da-gidanka ta fara ɗaukar mintuna kafin ta buɗe, batirinta ya daina riƙe caji, fankarta kuma tana ƙugi ko da rubutu kawai ake yi, abin da ke fara zuwa zuciyar mutum shi ne ya je kasuwa ya sayo sabuwa mafi arha da kuɗinsa za su kai. A nan mutane da yawa a Yamai ke faɗawa rami, domin sabuwar kwamfuta mai araha ba dole ba ne ta fi tsohuwar da ke hannunka ƙarfi. Akwai sababbi a cikin kwali, da ledarsu da ƙyallinsu, waɗanda kwamfutar ofis mai shekara takwas za ta bar su a baya wajen sauri. Saboda haka ma'aunin da za a bi a wannan jagora shi ne abin da ke cikin na'urar, ba shekarar da aka ƙera ta ko kyan jikinta ba.

Mataki na farko: ka san ciwon tsohuwar

Kafin ka taɓa kuɗinka, ka kunna tsohuwar ka danna Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda. Taga mai suna Gestionnaire des tâches za ta buɗe, tun da yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke. Ka shiga sashen Performances ka rubuta abu uku a takarda: cikakken sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin na'urar, yawan RAM, wato wurin da take riƙe abubuwan da ke buɗe yayin aiki, da irin faifan ajiya, ko HDD ne ko SSD. Wannan takarda ita za ka riƙe a aljihu ranar ciniki, domin da ita za ka gane ko abin da ake tallata maka ci gaba ne ko koma baya.

Sau da yawa nauyin da kwamfuta ke yi daga faifan HDD yake, wato tsohon faifai mai juyawa wanda zafi da girgiza da shekaru ke gajiyarwa. Idan furosesarka Core i5 ce ko Core i7, allo bai fashe ba, maƙalan murfin kuma lafiyarsu lau, to canza faifan zuwa SSD, wato faifai marar juyawa wanda ya fi sauri, tare da ƙara RAM zuwa giga 8 yana iya mayar da ita aiki kamar da, a kan kuɗin da bai kai na sabuwa ba ko kusa. A ganina duk wanda aikinsa rubutu ne da lissafi da shiga intanet ya kamata ya tambayi mai gyara farashin wannan gyaran kafin ya yanke shawara.

Sai dai akwai dalilai na gaskiya da ke sa a haƙura da tsohuwa. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kamar yadda ya daina wa Windows 7 tun watan Janairun 2020. Kwamfutar ba ta mutuwa ranar da aka daina tallafin, amma ɓarakar tsaro da ake ganowa daga baya ba a toshe ta kyauta kamar da, kuma wannan babban abu ne ga wanda ke shiga asusun banki ko yake ajiye takardun mutane. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana buƙatar guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesar Intel ta zamani na takwas zuwa sama, don haka yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharaɗin ba. Idan aka haɗa wannan da mataccen batir, da allo mai layi, da murfin da ya kusa ɓallewa, gyara ya zama zuba kuɗi a inda ba za su dawo ba.

Mataki na biyu: ka tsayar da aikin da kuɗin

Ka faɗa wa kanka gaskiya game da abin da za ka yi da ita. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni mai rubuta kundin kammala karatu, da malamin makaranta mai shirya darasi, da ɗan kasuwa mai lissafin kaya a Excel, duk buƙatarsu kusan ɗaya ce kuma mai araha za ta ishe su. Mai haɗa bidiyo ko mai zanen gini ba ya cikin wannan sahu, kuma idan ya sayi mafi arha zai dawo kasuwa kafin shekara ta zagayo.

Game da kuɗi, kada ka kashe duk abin da ka tara a kan kwamfutar kanta. Idan alal misali jikka 150 ke hannunka, ka ware wani abu na jakar ɗauka mai laushi, da kile ta USB ko faifan waje na kwashe fayiloli, da na'urar kare kaya daga hawa da saukar wuta, da kuma kuɗin intanet na ranar farko, wanda ba ƙarami ba ne kamar yadda za a gani a gaba.

Mataki na uku: karanta abin da ke ciki

Wannan shi ne wurin da ya cancanci a tsaya a kai sosai, domin a nan ake cin riba ko a yi asara.

RAM ita ce ta farko. Windows 11 tana yarda ta hau kan giga 4, amma yarda daban, jin daɗin aiki daban. Da giga 4, da zarar ka buɗe Chrome da shafuka biyar ko shida tare da Word, na'urar za ta fara jan ƙafa. Giga 8 shi ne mafi ƙarancin da nake ba kowa shawara ya karɓa. Abin da ya fi wannan muhimmanci, kuma mai shago ba kasafai yake faɗa ba, shi ne ko RAM ɗin ana iya ƙara ta. A yawancin sababbi masu arha an like ta ne a jikin babban allon ciki, babu gurbin ƙari, ma'ana yadda ka saye ta haka za ta mutu. Ka tambaya kai tsaye, kuma ka rubuta lambar samfurin a intanet ka tabbatar da kanka.

Ta biyu ita ce ma'ajiya. Idan ka ga an rubuta eMMC, musamman mai giga 64, ka yi hattara. Wannan irin ajiya ce mai kama da ta wayoyi masu arha, ba ta kai SSD sauri ba, galibi ba a cire ta, kuma Windows kaɗai tare da sabuntawarta za ta cinye babban kaso na wurin. Ka nemi SSD mai giga 256 aƙalla. Akwai SSD iri biyu da za ka ci karo da su, SATA da NVMe, na biyun ya fi sauri, amma ga aikin yau da kullum kowannensu ya wadatar.

Ta uku furosesa. Sunan Core i5 shi kaɗai ba ya gaya maka komai, domin akwai i5 ta 2012 akwai ta bara. Lambar da ke bin sunan ita ke nuna zamani: a i5-6200U lambar farko 6 ce, wato zamani na shida, kuma ba ta cikin waɗanda Windows 11 ke tallafawa a hukumance, i5-8250U ta zamani na takwas ce, tana da zuciya huɗu, wato sassa huɗu da ke aiki a lokaci guda, i5-1135G7 kuwa lambobi biyu na farko ake karantawa, wato zamani na sha ɗaya. A ɓangaren AMD, ɗaya kamfanin da ke ƙera furosesa, Ryzen 3 ko Ryzen 5 mai lambar 3000 zuwa sama zaɓi ne mai kyau. Waɗanda suka cika kwalayen sababbi masu arha su ne irin su Celeron N4020 da N4500, masu zuciya biyu, waɗanda aka yi don ƙarancin cin batir ba don ƙarfi ba. Wanda ya bar tsohuwar i5 ya koma N4020 mai giga 4 da eMMC ya biya kuɗi ya sayi koma baya, kuma a nan maganar magabata ta cewa araha ba ta ado take tabbata. Intel N100, wadda ta fito a 2023 da zuciya huɗu, ta fi waɗancan nesa ba kusa ba, kuma idan aka haɗa ta da giga 8 da SSD za ta yi wa ɗalibi aiki lafiya.

Allo kuma a duba shi da ido. Masu arha da yawa suna zuwa da allo mai yawan ɗigo 1366 x 768, wanda rubutu ke fita a kansa da ɗan kaushi. Idan kuɗi sun kai, 1920 x 1080 ya fi sauƙi ga ido, musamman ga mai dogon karatu. Ka karkata allon gaba da baya. Idan launi yana dushewa da ɗan motsi kaɗan, allon mai rauni ne.

Daga nan tambaya take tasowa: sabuwa mai arha ko ƴar gwanjo ta ofis? Kwamfutocin da kamfanonin Turai da Amurka suka gama amfani da su, irin su Lenovo ThinkPad T480, da HP EliteBook 840 G5, da Dell Latitude 5490 ko 7490, galibinsu na zamani na takwas ne masu ɗaukar Windows 11, ko da yake akwai masu furosesar zamani na bakwai a cikinsu, jikinsu ya fi ƙwari, ana buɗe su a ƙara RAM a canza faifai, kuma masu gyara sun san su, kayan gyaransu ma ba su da wuyar samu. Rauninsu batir ne da ya riga ya sha aiki, da rashin garantin kamfani. Sabuwa mai arha kuwa tana da sabon batir da garanti, amma jikinta roba ce marar kauri, maƙalan murfinta kuma su ne ke fara karyewa. Ni dai idan farashi ya zo kusa da juna, kuma aka ba ni damar gwadawa yadda ya kamata, ƴar gwanjo ta ofis nake zaɓa. Wanda ba shi da mai taya shi dubawa, ko yake zaune inda wuta ke yawan ɗaukewa har batir ya zama shi ne komai, yana da hujjar ɗaukar sabuwa, muddin ta cika sharaɗin giga 8 da SSD.

Akwai abu biyu da suka shafe mu musamman a Nijar. Na farko allon madannai: mun saba da tsarin AZERTY na Faransanci, amma kayan da suka biyo ta Najeriya ko Dubai ko Amurka QWERTY ne, babu é da è da ç a kansu. Ana iya canza tsarin a cikin Windows, sai dai abin da ke rubuce a kan maɓallan ba zai dace da abin da ke fita ba, kuma wannan yana wahalar da wanda ke kallon yatsunsa yana rubutu. Na biyu kan caja: namu soket masu ramuka biyu zagaye ne na tsarin Turai a kan wuta 220, alhali wasu cajojin suna zuwa da kai mai ƙafa uku na Ingila. Wannan ƙaramin abu ne, ana canza igiyar, amma a tabbatar an rubuta 100-240V a jikin cajar.

Mataki na huɗu: gwaji a shago

Ko a shagunan kewayen Babbar Kasuwa kake, ko a wani shago a unguwa, ko wajen wanda ya tallata a Facebook, ƙa'idar ɗaya ce: ba a biyan kuɗi sai an kunna an gwada. Ka je da rana, da lokaci a hannunka, kuma idan da hali ka tafi da wanda ya san harkar. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin gwaji.

Ka fara da Gestionnaire des tâches ɗin nan, ka gwada abin da na'urar ta faɗa da abin da aka faɗa maka, domin takardar da aka manna a jiki ana iya canza ta. Sannan ka gwada batir da hujja. Ka buɗe Invite de commandes, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Entrée. Za ta ajiye rahoto ta nuna maka inda yake. A cikinsa akwai lambobi biyu: DESIGN CAPACITY, wato ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi, da FULL CHARGE CAPACITY, wato abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na biyun ya faɗi zuwa rabin na farko, ka sani sayen sabon batir na jiranka, kuma ka cire kuɗinsa daga farashi a wajen ciniki. Ka kuma dubi wurin da ake shafa yatsa da ƙasan na'urar. Idan ya kumbura ko ya ɗago, batirin ya kumbura ke nan, kuma irin wannan ba abin kai wa gida ba ne.

Ka buɗe Word ko Bloc-notes ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ka soka kile a kowace kafar USB. Ka gwada kyamara da lasifika da makirfo, ka haɗa Wi-Fi da wayarka. Ka buɗe farin shafi sannan baƙi a cikakken allo don ganin tabo ko layi. Ka buɗe murfin ka rufe sau da dama kana sauraren ƙara. Ka bar bidiyo yana tafiya na ɗan lokaci, ka sa hannu wajen da iska ke fita, ka ji ko zafin ya wuce kima ko na'urar na mutuwa da kanta. Idan mai shago ya yarda, ƙaramar manhaja mai suna CrystalDiskInfo tana nuna lafiyar faifai da yawan awannin da ya yi aiki.

Ga ƴar gwanjo akwai ƙarin bincike da mutane ke mantawa. Ka sake kunna ta ka shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ta tashi, da danna F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. Idan ta nemi kalmar sirri kuma mai kaya bai san ta ba, ka bar ta, domin cire wannan kulle yana da wuya kuma kullen yana iya nuna cewa asalin kayan ba shi da tsabta. Haka nan wasu na'urorin suna nan a rajistar kamfanin da ya yi amfani da su, sai ranar da aka sake saka Windows aka haɗa da intanet ta fito da sunan wani kamfani tana neman asusunsa. Hanya mafi aminci ita ce a sake saka Windows a gabanka a haɗa ta da intanet kafin ka biya.

Bayan an daidaita, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago, da samfurin, da lambar siriyal da ke ƙasan na'urar, da kwanakin garanti a rubuce. Alkawarin baki cewa in ta lalace ka dawo da ita ba ya tsayawa ranar da rigima ta taso. Wanda ke Tawa ko Ƙonni kuma yake aiko da saƙo a saya masa a Yamai, ya sa ɗan aiken ya yi waɗannan gwaje-gwaje ya turo masa hoton rahoton batir da na furosesa kafin a ɗora kaya a mota.

Mataki na biyar: ƙaura da fayiloli

Kada ka sayar da tsohuwar ko ka ba da ita musaya kafin ka kammala wannan mataki, ko da mai shago ya yi maka tayi mai daɗi. Ka kwashe dosiyoyin Bureau da Documents da Images da Téléchargements zuwa faifan waje, sannan ka leƙa sauran sassan faifan, domin masu gyara kan raba shi gida biyu kuma mutane na manta abin da ke ɓangaren D. Takardu masu tsada irin su kundin karatu, da hotunan shaidar karatu, da lissafin kasuwa, a ajiye su wuri biyu. Google Drive yana ba da giga 15 kyauta, wanda ya ishi takardu ko da bai ishi bidiyo ba. Kalmomin sirri da ke cikin Chrome suna bin ka idan ka shiga da asusun Google ka kunna daidaitawa, amma ka tabbatar kana tune da kalmar sirrin asusun kuma lambar wayar da ke kansa tana aiki. Ka rubuta sunayen manhajojin da kake amfani da su da lambobin lasisinsu.

Ranar da ka fara kunna sabuwar, Windows 11 za ta nemi intanet da asusun Microsoft, sannan ta sauke sabuntawa masu nauyin giga da yawa. Idan da intanet ɗin waya kake, na Airtel ko Moov ko Zamani, gara ka nemi wurin da ke da Wi-Fi don wannan rana, bayan haka ka shiga saitin haɗin ka kunna Connexion limitée domin kada ta riƙa cinye maka giga a ɓoye. Ka cire manhajojin talla da na gwaji da suka zo da ita. Kariyar da ke cikin Windows, wato Microsoft Defender, ta isa ga yawancin mutane, kuma ta fi manhajar kariya ta sata aminci. Idan kuɗin Office ya yi maka yawa, LibreOffice kyauta ce kuma tana buɗe fayilolin Word da Excel. Mai rubutu da Hausa ya ƙara tsarin madannai na Hausa a saitin harsuna don samun ɓ da ɗ da ƙ da ƴ.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa kada ya yi wasa da shi: sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle faifai da BitLocker da kansu idan aka shiga da asusun Microsoft. Makullin buɗewa lamba ce mai alƙaluma 48 da ke ajiye a asusunka. Ka nemo ta ka rubuta a takarda ka adana a gida, domin idan wata rana aka yi gyara na'urar ta nemi wannan lamba kuma ba ka da ita, babu mai gyaran da zai iya fito maka da fayilolinka.

Mataki na shida: kare ta daga zafi da ƙura, da sallamar tsohuwar

Zafin Afrilu da Mayu a Yamai yana wuce digiri 40, kuma kwamfuta mai arha ba ta da ƙarfin sanyaya kanta sosai. Kada a ɗora ta a kan katifa ko filo, domin ta ƙasa take shaƙar iska. A sa ta a kan tebur a ɗan ɗaga bayanta. Kada a bar ta cikin mota a rana. A lokacin hunturu ƙura na toshe fanka, don haka a rufe ta a jaka idan an gama aiki, a kai ta a share cikinta lokaci zuwa lokaci. Idan wuta ta ɗauke a zare caja, a jira ta dawo ta zauna kafin a mayar, kuma a guji cajar jabu marar nauyi, wadda ke kashe batir har ta taɓa babban allon ciki.

Sai ka yi mako biyu ko uku kana aiki da sabuwar ka tabbatar babu abin da ka baro, sannan ka waiwayi tsohuwar. Goge fayiloli da hannu ba ya hana a dawo da su. A Windows 10 ka shiga Paramètres, sai Mise à jour et sécurité, sai Récupération, ka zaɓi Réinitialiser ce PC da Supprimer tout, ka kunna zaɓin share faifai gaba ɗaya, wanda yake ɗaukar awanni amma shi ne ke hana wani karanta sirrinka. Wata hanyar ita ce ka cire faifan ka sa shi a ƙaramin gida mai igiyar USB ya zama faifan ajiyarka na waje, ka sayar da sauran a matsayin kayan gyara. Idan tsohuwar tana da sauran rai, Linux Mint, wadda ake sakawa a madadin Windows, tana tafiya a kan na'urori da yawa da Windows 11 ta ƙi, kuma ƙane ko ɗa zai iya koyon rubutu da ita. Batirin da ya kumbura kuwa a cire shi a miƙa wa mai gyara, kada a huda shi, kuma kada a jefa shi a juji inda ake cinna wa shara wuta, domin yana fashewa.